Tauraro Cikin Gilashi

Kakana Bogomir ya ce madubin ƙarya yake yi.
Muna rub da ciki a kan dutse, sama da kwarin Trenta,
kogin Soca can ƙasa kamar zaren da aka yar,
sanyi na cizon gwiwar hannu ta cikin riga uku.

Tsohon madubinsa layi biyu ne da suka gitta juna,
ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, shi ke nan.
Ya ce na ubansa da zaren gizo-gizo aka ja shi,
ban sani ba ko gaskiya ne, ko hirar bakin murhu.
Shekara arba'in da ɗaya yana auna awakin dutse da shi,
sauran lissafin yana cikin ƙashinsa.

Sabon ni na saya masa,
albashin wata biyu daga kantin magani a Tolmin.
A jikin gilashi aka sassaƙa zanen, ba ya tsinkewa.
Ƙarƙashin tsakiya akwai tsani na ƙananan layuka,
wannan na mita ɗari biyu, wancan na ɗari uku,
don harsashi ma yana gajiya, yana sunkuyar da kai.
Dama da hagu ɗige-ɗige sun baje kamar rassa,
rabon iska ke nan in ta taso daga kwazazzabo.
In ka murza ka jawo nesa kusa,
zanen ya kumbura tare da dabbar, awo bai canja ba.
A cibiya kuma jan ɗigo saboda almuru,
batir kamar maɓallin riga ke ciyar da shi.

"Rubutu ya yi yawa," in ji shi.
"Farauta na zo, ko karatun jarida?"

Sai ga bunsurun, tsoho, ƙaho ɗaya a karye,
wanda ƙungiyar mafarauta ta rubuta mana a takarda.
Mita ɗari biyu da sittin, na'ura ta faɗa.
Kaka ya kwantar da kunci. Ya daɗe.
Na ji numfashinsa ya fita, ya tsaya, ya dawo,
yatsa bai kai ga kunama ba.

"An cuce ki, Brina. Wannan ba ɗigo ba ne.
Tauraro ne mai wutsiya, da ƙafafu biyar,
ya rufe kafaɗar dabbar ruf."

Na karɓa na leƙa.
Ɗigo ne. Ɗaya tak,
kamar an ɗiga shi da bakin allura.
Na rage hasken, na murza zoben ido, na miƙa masa.
Tauraron na nan, in ji shi, har ya haihu.

Ban ce uffan ba.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen hula, ya mayar.
Ya dubi tsaunin da ya san kowace tsagarsa,
ya daɗe yana duba, kamar mai neman sunan da ya ɓace masa.
Bunsurun ya shinshina, ya haye ƙoli,
inda babu komai a bayansa sai sama,
inda ba a harbi.

Da za mu sauko ya rataya mini bindigar.
Tun da nake bai taɓa ba.
Tsakuwa na gangarawa gabanmu, duhu na tahowa,
sai na ji muryarsa a bayana:

"Ɗari biyu da sittin, wane layi?"
"Tsakanin na fari da na biyu, kusa da na biyu."
"Iska fa?"
"Ɗigo ɗaya."

Ya tsaya yana haki, ya taɓa kunnensa na hagu.
"Ɗaya da rabi," ya ce.
"Ba ki ji ta a nan ba?"