Kore, Rawaya, Ja

Hawa na huɗu, unguwar Sololaki, Tbilisi.
Lifta ta mutu tun bara.
Kawu Otar ya hauro da ƙafa yana haki,
burodi mai zafi a hammata.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan rediyo
yana gadin allura.
Yanzu kunnen hagu ya yi ritaya,
na dama ma ya fara haɗa kaya.

Na nuna masa sintesaizar da na saya ta hannu,
da ɗan akwatin da ke kai sautinta cikin kwamfuta.
Na kunna abin da na ɗauka jiya.
Bai ji ba. Allo ya kalla,
ya ga igiyar sauti an shafe mata sama,
an shafe mata ƙasa, ta koma bulo.
Ya ce, "Keto, wa ya yi wa wannan aski?"

Na ce so nake ta yi ƙarfi.
Ya ce, "Me?"
Na ce, ƘARFI!

"Ƙarfi daban, tsagewa daban.
Tukuna ma, ramin nan a kan jita kika bar shi.
Danna, mai da shi layi.
Wannan da muryarta ta zo, ba ta neman aro."

Ya murɗe maɓallin akwati har ƙasa.
Ya buɗe na sintesaiza, saura kaɗan ya ƙure.
"To, buga min wurin da ya fi hauka,
ba wurin da take lallaɓa ba."

Na danne yatsu biyar, na saki tace.
Yana murɗawa kamar mai buɗe asusun wani,
gashi guda, gashi guda.
Kore ya farka.
Kore ya hau, ya hau,
rawaya ya ƙifta ido sau ɗaya ya koma.
Nan ya ɗauke hannu.

Sha biyu ƙasa da sifili.
Na ce ai wannan asarar fili ce!
"Mai gina ɗaki daidai tsayinsa
ranar da ya yi tsalle zai sani.
In kuma kika yi ƙasa da yawa,
gobe ki ɗaga, shuuu ɗin waya ya biyo ta
kamar ruwan famfon maƙwabta."

Muka ɗauka.
Ya ɗora tafinsa a kan sifika, ya rufe ido,
gashin hannunsa na rawa.

Da ta ƙare na ƙwala masa, YA YI?
Ya yamutsa fuska.
"Ke ma tun ɗazu a ja kike.
In kin yi ihu, buloli kawai ke iso ni.
Juyo in ga bakinki. Rage."

Na juyo. Na rage.
Na ce, Kawu, a dafa shayi?
Ya ce, "Da lemon tsami."

Kafin ruwa ya tafasa
na ɗiga jan farce a inda ya bar maɓallin.