Mai Rabon Ganima

Da rana gyaran waya nake a Fam Santa,
hancina cikin hayaƙin dalma.
Da dare mutum talatin da biyu
ke jiran in ce: mu shiga.

Ba rawani, ba albashi.
Sai Tasi'u na Kurna yana kumburi
don na ba Zinatu takobin da ya yi wata yana hari.
Sai Mudan, an ɗauke musu wuta
muna bakin kogon dodo,
ya bar mana baya a buɗe.

Ni ke rabo, ni ke shan zagi.
Ni na kori abokina tun na firamare
da ya wawushe zinaren rumbunmu,
zinaren da ko ƙosai ba ya saye.
Har yau ba ya amsa sallamata.

Amma daren Laraba, biyu saura,
cajina kashi huɗu,
dodon da ya kashe mu sau sha tara ya faɗi.
Ihu ya cika min kunne
daga Hotoro, daga Ɗorayi, daga Rijiyar Lemo.
Na toshe baki kada in tashi Inna.

Da safe Tasi'u ya turo katin ɗari biyar.
Bai ce uffan ba.
Na loda.