Hamzar Shu'aibu

Ran kasuwar Harbo, layi har gindin maina,
ni kaɗai a ɗakin gwaji, da kwalabe da auduga
da kwamfutar da rana ke ciyarwa.
Tsoho ya miƙo hannu, na ɗebi jini.
Sunanka, Baba? Shu'aibu.
Na buga. Allo ya yi fari fat,
ya amayo wasu layuka
kamar akuyar da ta ci leda.

Na cire 'yar alamar da ke rataye tsakanin u da a.
Ta karɓa.
Wata bakwai ina yi wa sunaye kaciya:
Rufa'i, Sa'ade, Nafi'u mai gyaran famfo,
in yanke hamza, in kira na gaba.

Sai da Lauratu ta zo bautar ƙasa.
Tana bayana tana ɓarar gyaɗa ta gani,
ta ajiye gyaɗar.
Ta ce, wannan ba tuntuɓe ba ne, ƙofa ce.
Manhajar nan ba ta bambance suna da umarni,
a wurinta nan suna ya ƙare,
abin da ya biyo baya maganar maigida ce.
Mai gadi ne da za ka ce wa, ni ne wane, buɗe rumbu,
ya rubuta wane, ya tashi ya buɗe.

Ta buga 'yan kalmomi a gurbin suna,
ba kalmar sirri, ba sallama.
Garinmu kaf ya zubo a allo:
mai cikin wata biyu da ko uwarta ba ta sani ba,
masu sikila, mai ciwon hanta,
dattijon da ya zo bayan magariba ya ce in rufe taga.
Ta ce na nesa ma, da waya a hannu, zai karanta,
in ya ga dama ya mai da babu ta koma akwai.

Daren nan ban runtsa ba.
Ina tsaron baki, ashe gindin rumbu a huje.

Mun rubuta wa masu manhaja a birni.
Suka ce suna dubawa.
Gero ya yi kai, an girbe, an sussuke, suna dubawa.
Abin da ya riga ya hau yana can, hannuna bai kai ba.
Na kakkaɓe tsohuwar rajista, na sayi kwaɗo.

Jiya Shu'aibu ya dawo awon suga.
Na ɗauki biro na rubuta shi cikakke,
na mayar masa da hamzarsa
inda liman ya ajiye ta ranar suna.