Tazarar Yatsa Uku

Janwe ce ta kawo Torinon Nahuel da hantsi,
bamba a lanƙwashe,
wayar shingen awaki har yanzu maƙale a gindin fitila.
Ya ce, "Birkin ne ya ci amanata.
Na taka, ƙafata ta nutse
kamar na taka laka."

Tsoho Evaristo bai ce uffan ba.
Ya zuƙi mate, ya miƙo mini ƙoƙon,
ya nuna ramin gareji da haɓa.
Na sauka da tocila a baki.

A can ƙasa na tarar da maƙwabtan:
bututun hayaƙi shida, sababbi fil,
waɗanda yaron ya sayo a Kordoba
don motar ta riƙa ruri in ya gifta ta dandali.
Sun murɗe kamar hanji,
wuta ta rine su shuɗi da ruwan ƙasa.
Ga siririn bututun birki kwance a jikinsu,
bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba,
fentinsa ya kumbura, ya toye.
Ko takardar sigari ba za ta ratsa tsakaninsu ba.

"Delfina, me kika gani?"
Na ce, "Sun kwana gado ɗaya."

Sai a nan ya dubi yaron.
"Man birki ba ya matsuwa, shi ne amfaninsa.
Amma yana shan raɓa a ɓoye, shekara da shekaru.
Ka gasa shi, ya tafasa,
ya haifi kumfa,
kumfa kuwa ba ta da ƙashi.
Ita ka taka a gangaren Altas Cumbres."

Na kwance noti huɗu, ɗaya ya ƙi,
sai da ya karɓi fatar bayan hannuna.
Na lanƙwasa sabon bututu a kan gwiwa,
a hankali, don kada ya karye wuya,
na bi da shi ta bayan ƙarfen shasi,
doguwar hanya, hanyar inuwa.
Inda dole ya wuce kusa da wutar
na zura masa riga mai ƙyallin azurfa.

Evaristo ya yanko fallen alminiyam,
ya naɗe bakinsa da guduma,
ya miƙo mini ta saman ramin.
"Kada ki manna shi da kowa.
Ya tsaya a tsakiya, iska gaba, iska baya.
Farantin yana tare kallo ne kawai,
iskar ce ke yin aikin."
Ya sa yatsu uku ya gwada,
yatsun nan masu tabon ƙuna
da bai taɓa gaya mini asalinsu ba.
Sun shiga, sun fita.
Ya gyaɗa kai.

Nahuel a kujerar direba, ni a gindin taya.
Taka. Taka. Riƙe.
Tsohon mai ya fito baƙi kamar gahawar jiya,
yana tofar da kumfa cikin kwalba.
Saki. Taka. Riƙe.
Har ya fito garau, ruwan zuma,
har yaron ya yi ihu, "Ta yi tauri!"

Da la'asar muka hau dutsen mu uku.
A tulluwa iska tana dukan ciyawa,
Mina Clavero can ƙasa kamar shinkafar da ta zube.
Muka juya, muka gangaro.
Kwana ta farko. Ta biyar.
A ta tara ga shingen, ga giɓin,
ga wata akuya tsaye a cikinsa tana tuƙa.
Yaron ya taka.
Motar ta durƙusa, ta tsaya.

Hannunsa na rawa a kan sitiyari.
Can ya ce, "Amma ƙarar tana nan, ko?"
Evaristo ya leƙa ta taga, ya dubi akuyar.
"Tana nan," ya ce.
"Gobe ka kawo waya da filaya.
Mai shingen surukina ne."