Ɗan Gida da Agola

Ran Talata a Bradford, yayyafi tun asuba,
na shiga shagon Mista Holroyd
rungume da kyamarata makauniya,
wadda idonta ya fashe a matakalar masallaci
ranar ɗaurin auren ƙanen Barau.

Tsohon ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur,
ya ajiye gilasai biyu, baƙaƙe wuluk.
"Wannan," in ji shi, "uwa ɗaya uba ɗaya suke da kyamararka.
Fam dubu da ɗari tara.
Wancan kuwa wani gida ya ƙera shi,
aka gyara masa baki don ya shiga naku.
Ɗari bakwai."

Na ce a raina: ɗan gida da agola.

Na ɗaura ɗan gida, ya zauna daram.
Na auna bas mai hawa biyu tana wucewa,
kafin in ƙifta ido ya cafke ta,
babu ƙara, babu inda-inda,
har ɗigon ruwan da ke bin tagar direba.

Na ɗaura agola, ya yi ɗan gurnani.
Ya je gaba, ya dawo baya,
kamar baƙo da dare yana lalube ƙofa,
sannan ya tsaya.
Tsakiyar hoto tas.
Kusurwoyin ne da ɗan duhu-duhu,
kamar gindin tukunyar da hayaƙi ya fara lasa.
Ga nauyi kuma, wuyana shaida.

Barau ya riga ya ja mini kunne a waya:
araha ba ta ado.
Rakiya ba ta ce komai ba da zan fito,
takardar kuɗin gas kawai ta ɗora kusa da shayina,
ta jera takalman Sadiya a bakin ƙofa,
na hagun ya wage baki yana mini dariya.

Na ce wa tsohon ya tsaya cik.
Na ɗauke shi da wannan, na ɗauke shi da wancan,
muka jera fuskokinsa biyu a allon kwamfuta.
Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar.
Ya nuna na dama, ya ce wannan ne ɗan gida.
Ya canka daidai.
Sai dai ruwan shayinsa ya huce kafin ya gane.

"Shekara arba'in ina wannan sana'a," in ji shi,
"ban taɓa ganin uwar jariri
ta bar fuskar ɗanta tana duba kusurwa ba."

Ban gaya masa ba,
ina shekara shida uwata ta shiga da ni
gidan Malam Tanimu mai hoto a Funtuwa.
Ni ma sai da na yi gaba na yi baya
kafin in gane inda ake ajiye ludayi.
'Ya'yansa huɗu, duk maza,
amma ni na riƙe masa labule,
ni na wanke hotuna a jan haske har yatsuna suka ƙode.

Na ƙirga ɗari bakwai.

Ran Asabar, suna a Manningham,
falo ƙunci, fitila ɗaya, mata cike.
Jaririyar ta yi murmushi cikin barci,
agola na can yana lalube,
kafin ya iso, murmushin ya wuce.
Wannan kam ya tafi, ba zan yi ƙarya ba.
Amma ya kama kakarta tana tofa mata addu'a,
kowace jijiya a bayan hannunta,
har lallen da ya fara kaɗewa a farce.

Ɗan gida na nan a tagar Holroyd.
In na biyo ta layin nakan rage tafiya,
in leƙa ko farashin ya sauka,
agola na rataye a wuyana, da nauyinsa,
ruwa na sauka a kanmu duka biyu.