Bashin Kaka

Bara war haka ina ɗaka,
ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma,
kunun kanwa har na tsani ganin ludayi.
Ta kan katanga nake jin kaka tana wucewa:
kukan amalanke, lugude a masussuka,
ƙamshin tumu daga gidan Tabawa
ya shigo ba sallama, ya fita bai bar mini ko tsaba ba.
Kai kuwa, Mudan, kana naɗe kamar ƙullin magani,
ba ka san abin da ka jawo mini ba.

Na ce, to kaka, je ki.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Bana na goya ka, na ja majanyi, na fito karɓa.

Na fara da gonar Baffa Shitu, ranar cirar gyaɗa.
Ƙasa da sauran laima, ba ta gama kewar damina ba.
Muka tara kara muka hura,
gyaɗa ta gasu da ɓawonta, muna tonowa da tsinke,
yatsu baƙi, leɓe baƙi,
Hansatu na yi mini dariya, ina ramawa.
Na sauke ka a kan kunya, ka damƙi ƙasa ka kai baka,
ka yamutsa fuska kamar tsohon da aka tauye wa mudu.
Tumu kuwa, uku na ci a tsaye,
na huɗu na ce na bara ne.

Lahadi sai Gujungu.
Riɗin gayaunata, tiya goma sha ɗaya da ɗan ɗori,
ni na shuka, ni na kaɗe, ni na tsaya gaban ma'auni.
Ban taɓa ciniki da bakina ba sai ran nan.
Ya taya, na ce albarka, muryata na rawa.
Ya ƙara, na sake cewa albarka, ta daina rawa.
Na ƙulle kuɗin a haɓar zani, ƙulli biyu,
sannan na kwance ɗaya:
fara soyayya da yaji,
rake gaɓa huɗu,
awara tana ƙona takarda,
da jan takalmi mai kuka in an taka,
kai da ko tsayuwa sai ka dafa bango.
Babanka ya ce, wannan ai ɓarna ce.
Daga Gujungu har Kwalam
shi ke matsa takalmin a aljihu yana saurare.

Sai ranar da muka tafi gaida Gwaggo Lantana a tsallake.
Ni 'yar tudu ce, kwalekwale sai dai a labari.
Na runtse ido, na karanto duk abin da na haddace,
na riƙe gefe har farcena ya shiga katako.
Kai ka fara ƙyalƙyalewa.
Na buɗe ido ɗaya:
shinkafa ta sunkuya a fadama don nauyin kanta,
balbelu sun jeru kamar wanki a igiya,
ruwa ya ja baya ya bar bado da sawun shanu.
Mai fito ya ce, yaron nan ya fi uwarsa zuciya.
Na ce, ai tawa ya kwashe tun yana ciki.

Jiya da dare, farin wata,
ana ɓarar wake a tsakar gida,
na tono dankali daga toka, na ɓare, ina hurawa.
Ka hango shi daga jikin turmi.
Ka saki turmin.
Ɗaya,
biyu,
na uku ka zauna daɓas a ƙwaryar wake,
ƙafa tsirara, takalmin na can a rataye.

Har Goggo Uwani sai da ta miƙe da guɗa, ta manta gwiwarta.

Na kwanta na yi lissafi da yatsu.
Kaka, kin biya, har da gyara.
Saura kanya, ba ta gama nuna ba.
Wannan ki riƙe, ina sane.