Mutumin da Ya Motsa

A Kazan, a gidan gwaggona Minzifa,
bayan madubin da ke fuskantar ƙofa
muka tsince shi, manne da kwali,
ya yi launin shayin da ya kwana.
Shekara saba'in yana kallon bango.

Layi uku, mutum ashirin da shida.
A tsakiya, kan kujera ɗaya tilo mai hannu,
Hazrat Gabdelwali da farin rawani,
dama bisa littafi,
hagu cikin riga, don an ce tana rawa.
Daga gare shi ake auna kowa:
wanda ya matso kusa ya yi nisa a karatu,
wanda aka tura nesa bai kai ko'ina ba tukuna.

Ƙanana na ƙasa, kan dardumar da aka shimfiɗa bisa ƙanƙara.
Ɗaya ya rungume duniyar kwali mai kama da duma,
ɗaya ya tallafi allo, an rubuta 1897 da alli.
Ba don ado aka fito da su ba.
Makarantar hayin titi ta ce duniyar kwali bidi'a ce,
to ga amsa nan, an ɗora ta a cinyar yaro.

Wata uku ana kai ruwa rana, in ji gwaggo.
Wasu suka ce sura ce, mala'iku za su ƙaurace.
Hazrat ya ce inuwa ce aka ɗaure wa ƙafa,
wa ya taɓa raba mutum da inuwarsa?
Mutum biyu suka tattara littattafansu a daren.
Ga gurbinsu can a layin baya,
kamar giɓi a bakin dattijo.

Mai hoton Bajamushe ne, wai Lindner.
Ya cusa kai cikin baƙin mayafi, ya ɗaga hannu:
kada wanda ya yi ko tari sai na kai sha biyu.
Yana ƙirga da harshensa,
suna ƙirga sunayen Allah a zuci.

Kowa ya sandare, ban da ɗaya.
Can ƙarshen hagu, inda takarda ta fara gajiya,
ga riga, ga takalman ulu,
ga hannu rungume da itacen wuta,
fuska kuwa babu. Hayaƙi.
Shakirjan ke nan, mai hura murhun makaranta,
kakan mahaifina.
Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kore shi.
Wasu sun ce tsoron sura ya sa ya kau da kai.
Gwaggo ta ce ina! Ƙaurin tukunya ya jiyo.

Da zamani ya yi juyin waina,
aka zuba gishiri a masallaci, aka garƙame,
sai masu jakar fata suka zo da kwafin hoton nan.
Hazrat ya riga ya kwanta dama,
suka fara daga na damansa,
suna bin layi yadda aka jera shi,
daga kujera zuwa gefe, daga gefe zuwa darduma.
Yaron duniyar kwali har ya yi furfura,
suka gane shi da kunnuwa.
Tsarin da ya ɗaukaka su
shi ya zama yatsa.

Fuska ashirin da biyar, kowacce tangaran.
Ta ƙarshen, ba wanda ya iya rantsuwa.

Na kawo fitila, na kawo gilashin gwaggo,
ina neman hancina cikin hayaƙin nan,
ko goshin mahaifina, ko wani abu.
Ban samu ba.

Ban mayar da shi bayan madubi ba.
Yana kan tebur, kusa da butar shayi.
Kullum da safe ashirin da biyar na kallona,
sun riƙe numfashi,
suna jiran a ce musu ya isa.

Shi kuwa tuni ya tafi duba wuta.